Laftof ɗin da ya ƙi daina zagin Kaka

Kun taɓa jin kwamfuta ta zagi tsohuwa?? Yau a falonmu aka yi, bari in ba ku kafin cajina ya ƙare.

Yayana ne ya haɗa wa Kaka manhaja mai magana a laftof ɗinsa, tana tuna mata shan magani. Akwai wani gurbi da ake cikewa kafin a tayar da ita, SUNA, shi kuma don tsokana ya sa Mai Haƙori Ɗaya. To yau mamar budurwarsa ta bugo tana hanya za ta zo gaida Kaka. Sai ga shi a guje.

"Lafiya lau, mijin banza," in ji Kaka. "Gaisuwa ce wannan ko haki?"

"Tsaya tsohuwa, na canja sunan, kin zama Hajiya."

Sai laftof daga kan kujera: "Mai Haƙori Ɗaya, a sha magani."

"Ka ji ko? Ko injinka bai ɗauke ka a bakin komai ba."

"Na rubuta Hajiya fa! Kash, na tuna. Tun da manhajar ta tashi ta sa tsohon sunan a aljihu, ba ta waiwaye. Sai na kashe ta na sake tayarwa."

"Ka kashe wa? Mai tuna ni safe da yamma? Kai yaushe rabonka da tambayar ƙafata?"

Caraf ta ɗauke laftof ta rufe da mayafi a cinya.

"Kaka don Allah, surukata ce fa!"

"Gara ta ji wanda za ta ba 'yarta."

"Zan sayo miki haƙora cike da baki."

"Ka fara sayo gemu, wannan na haɓarka ko akuya ta fi ka."

Sai sallama a ƙofa. Wallahi Yaya har ƙasa ya durƙusa. Kaka ta yi dariya har da tari ta miƙa masa laftof ɗin, ya kashe ya tayar.

Matar ta zauna ana cikin gaisawa, laftof ya ce, "Hajiya, a sha magani."

Ta dafe ƙirji. "Ikon Allah! Ya aka yi ya san ban sha ba?" Ta hau lalube a jaka.

Kaka ta ce, "Aikin jikana ne, haka yake da kula." Ta juyo ta washe masa haƙorin nan guda ɗaya.

Don Allah ku tura wa duk mai canja suna bai kashe ya tayar ba, kafin tasa surukar ta iso.