Jangkrik Ta Rasu da Gargaɗi a Goshinta

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika, da jiki wanda zaman taro ya gajiyar, mu tsofaffin da ke tseren ƙananan motocin rimot a filin bayan kasuwar unguwarmu, nan garin Malang, muna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar Jangkrik, motar Pak Suparlan, tsohon direban bas (Pak dai a nan kamar Malam ne). Ta cika ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a kwanar da ke gaban rumfar mai kwakwa, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta kai a sha kofi guda ba. Tsawonta kamu ɗaya ne, amma gurbin da ta bari a gidan ya isa a ajiye bas.

Marigayiyar ta shigo hannunsa ne ta hanyar musaya. A shekarar da ciwon baya ya sauke shi daga hanyar Surabaya, ba shi da abin yi sai zama gaban kurciyarsa mai daɗin kuka. Koh Aseng, mai shagon kayan motocin rimot, ya daɗe yana zawarcin tsuntsuwar.

"Pak, kurciyar nan ta gaji da labarin hanyar Surabaya," in ji Koh Aseng. "Ba ni ita ta huta."

"Ka ba ni me, Koh? Ni ba na sayar da murya."

"Ɗauki waccan jar da ke saman kanta. Mai take sha, ba batir ba. Tana hayaƙi, tana gardama da safe, sai an lallashe ta. Bas ɗinka ce sak, sai dai ba fasinja."

"Ba fasinja?"

"Ko ɗaya."

Pak Suparlan ya miƙa hannu, ya ba da kurciyar, har da kejin ya haɗa masa. Kowannensu ya koma gida yana ganin ya cuci ɗan uwansa, kuma ta haka ake gane ciniki ya yi kyau.

Saboda muryarta ya sa mata suna Jangkrik, wato gyare. Da sanyin safiya takan fara da tari, tat, tat, tat, kamar tsohon da aka tasa bai so ba. In ta ɗumama sai ta ja wani dogon wiiing da ke sa kajin kasuwa neman mafaka. Ba ta taɓa cin kofin gasa ba, ba ta kuma taɓa zuwa ta ƙarshe ba. Tana shiga kwana da natsuwa irin ta wanda ya taɓa ɗaukar rayuka a bayansa. Ba ta da girman kai: an sha ɗaure mata salansa da wayar rataye kaya, ba ta ce komai ba.

Abu ɗaya take buƙata, iska. Irin injinta yana yin zafin da zai soya ƙwai, don haka tun ranar farko Pak Suparlan ya ari almakashin ɗinkin matarsa, Bu Ngatmi, ba da saninta ba, ya yanka rami kamar bakin kofi a gilashin gaban motar. Nan ne hancinta. Duk bayan 'yan zagaye kuma yakan tsayar da ita ya tofa ɗan yawu a kan injin, kamar yadda dukanmu muke yi. In yawun ya ɗan yi rawa kafin ya bushe, lafiya. In ya ɓace nan take, sai a bar ta ta huta a inuwa. Da wannan rami da wannan yawu ta rayu shekaru masu yawa.

Ciwon ajalinta ba daga gare ta ya faro ba. Filin nan rabawa muke yi: gabas na mata masu motsa jiki da lasifikarsu, yamma namu. Wata safiya wata motar batir, irin marasa muryar nan da ba a jin zuwansu, ta ƙetare iyaka ta daki idon sawun Bu Widagdo. Ba za mu faɗi mai motar ba, ya sha kunya isasshe. Ƙafar ba ta karye ba, amma ƙafar matar mai unguwa ce.

Daga nan aka shiga taro, Lahadi bayan Lahadi, a kan magana ɗaya: a manna wa motoci sitikar gargaɗi ko kada a manna. Masu jikoki suka ce a manna, ko don iyaye su san wannan ba abin wasan yara ba ne, tana buge ƙafa, tana ƙona yatsa. Koh Aseng ya ce kowane kwali da ke zuwa shagonsa da gargaɗi yake zuwa cikin harsuna barkatai, kuma ɓeraye kaɗai ke bi ta kansa. Pak Suparlan ya ce duk tsawon aikinsa akwai rubutu a bas ɗinsa cewa kada a leƙa da kai ta taga, kuma a ƙarƙashin rubutun mutane ke leƙawa. Amma bai taɓa goge shi ba, domin rubutu ba ya tsare kan fasinja, mai mota yake tsarewa ranar da aka zo tambaya. Kowa ya ce gaskiya ne, aka tashi ba a yanke komai ba, har taba mai kanumfari ta ƙare.

Da yake shi ne babbanmu, shi muka tura wurin mai unguwa, Pak Widagdo.

"A gafarce ni, Pak," in ji Pak Suparlan. "Motar nan in ta miƙe, lambar jikinta ma ba ta karantuwa. Wa zai karanta gargaɗi? Sai wanda ta buge, shi kuwa ya riga ya ji."

"Na sani, Pak Suparlan, ni ma ba yaro ba ne. Amma a gida nake cin abinci. In na koma na ce mata ba a yi komai ba, ina zan sa kaina? Ko dai sitika, ko in ba masu gasa kifi filin. Sun daɗe suna bina."

"Babba ko ƙarama?"

"Surukina Yoyok zai duba. Injin buga takardu gare shi."

Suka yi musafaha. Pak Suparlan ya dawo ya ce mana filin ya tsira, a kan farashin takarda mai gam. Mun yi masa godiya, mun ce ya iya ciniki.

Ranar Lahadin aka kawo sitika, ruwan ɗorawa, faɗin tafin hannu. An rubuta mata da manyan baƙaƙe: HATTARA, TANA GUDU, TANA ZAFI, KADA A TAƁA. A ƙasa ga sunan unguwa, ga sunan mai unguwa cikakke. Aka jera kujeru, aka ari lasifikar mata. Pak Widagdo ya yi jawabi a kan zaman lafiya da mutunta juna, jawabin da ya cinye sanyin safiya kaf, har inuwar rumfar mai kwakwa ta janye ƙafafunta. Sannan aka ce motar da ta fi kowace shekaru ita za a fara karramawa.

Pak Suparlan ya miƙa ta da hannu biyu. Mai unguwa ya jujjuya ta yana neman wuri mai faɗi, bai samu ba sai gilashin gaba.

"Af, ga ma rami nan," ya ce. "Bari in rufe maka, Pak, kada ƙura ta riƙa shiga."

Ya manna, ya bi da babban yatsa ya lailaye ta sumul. Mata suka yi tafi, Yoyok ya ɗauki hoto. Mu da muka san abin da ramin yake, kowa ya sunkuya yana duban takalminsa. A nan ba a gyara wa mai unguwa aiki a gaban matarsa. Pak Suparlan ya yi murmushi, ya rusuna, ya ce ya gode. A ransa yana cewa da sun juya baya zai ɓare ta.

Ba su juya ba. An kawo musu shayi mai ƙanƙara, suka gyara zama.

"To mu ga gudunta mana," in ji mai unguwa.

Pak Suparlan ya dubi wuƙar da ke cikin akwatinsa, ya dubi sitikar. In ya sake huda ramin, ta tsakiyar sunan Pak Widagdo wuƙar za ta bi. Ya tuna masu gasa kifi. Ya rufe akwatin, ya tayar da ita.

Ta yi tarinta na kullum, ta ja wiiing ɗinta, ta fita kamar ba komai. Waɗanda suka gan ta sun shaida ba ta taɓa kyau kamar ranar ba. Bayan 'yan zagaye ya kawo ta gabansa don ya gwada zafin. Ya tara yawu, ya ɗaga ido, ga Bu Widagdo tana kallonsa, ga sunan mijinta a goshin motar. Ya haɗiye.

"Me ya sa ka tsayar da ita, Pak?" ta ce. "Ƙara mata wuta. Ashe haka abin nan yake da daɗi, ban sani ba."

Karo na farko ke nan da matar ta yi wa motocinmu murmushi. Ya ƙara mata wuta.

Mutumin da ya tsufa yana sauraron inji ya san lokacin da murya ta canja. Ta siririce, ta yi sama fiye da yadda ta saba, kamar mai kira daga nesa. Ya ce a ransa zagaye ɗaya kawai, ya kawo ta gida. Ba ta iso ba. A kwanar mai kwakwa ta ce wiii, ta ce kak, ta yi shiru. Inji ya buga. Wani siririn hayaƙi ya fito ta gefen sitikar ya tashi.

A yi wa mai unguwa adalci, shi ya riga kowa isa wurinta, da kyakkyawar niyya, da gudu irin na mai tumbi. Ya sunkuya, gargaɗin da sunansa yana daidai hancinsa, ya kamo ta ta kan injin. Ya sake ta da salati. Faɗuwar ce ta karya mata ƙafar gaba. Sauran taron da yatsu uku cikin kofin shayi ya ƙarasa shi.

Koh Aseng ya buɗe ta a shagonsa da yamma. Fistin injin ya narke ya manne da gidansa.

"Pak, irin wannan ko a Japan an daina haifarsu," ya ce. Can cikin shagon kurciyar tana kuka, muryarta ba ta tsufa ba.

Marigayiyar ta bar rimot ɗinta wanda yatsa ya cinye wa kunamar ba da wuta, da rabin kwalbar mai, da tayoyin canji da ba su taɓa taka ƙasa ba, da tawul mai maiƙo wanda a da na baƙi ne. Ta bar ƙanne masu yawa a filin, yawancinsu 'yan batir, waɗanda ba su san gaisuwa ba. Ta bar Bu Ngatmi, wadda ta karɓi labarin da haƙuri mai ban mamaki, ta kuma tambayi ko yanzu za a maido mata da almakashinta. Ta bar Pak Suparlan, wanda har yau yake farkawa da sassafe ranar Lahadi, ya sa hula, ya tsaya a bakin ƙofa.

Za a yi mata rakiya Lahadi mai zuwa, bayan mata sun kashe lasifika. Mai ita zai ɗauke ta a hannu a zagaya fili sau ɗaya, a ƙafa, duk injuna a kashe. Daga nan za a kai ta makwancinta a kabad ɗin gilashi na falo, tsakanin farantan bikin aurensu. Da sitikarta za a ajiye ta, domin mai unguwa yakan leƙo gidan. Za a karɓi gaisuwa a barandar Bu Ngatmi, akwai kofi da soyayyar ayaba, kowa ya zo da tabarsa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ce ai abin wasa ne, kada kuma kowa ya kawo labarin wata motar batir mai sauƙi da wani yake sayarwa. An ji, an gode.

Ga masu tambayar inda maganar ta tsaya: filin yana hannunmu, masu gasa kifi sun haƙura. Bu Widagdo ta samu abin kallo, har ta sa a ajiye mata kujera. Koh Aseng yana da kurciya. Mai unguwa ya samu hoto a bango da bororo a yatsu, kuma bayan ya yi nazarin abin da ya same shi, ya gano cewa sitikar ce ta yi ƙanƙanta, shi ya sa bai lura da ita ba. Yoyok ya riga ya buga wata, ta ninka ta farko, ɗaya ga kowane ɗan ƙungiya.

Pak Suparlan ya ceto mana wurin tsere, ya rasa abin tuƙawa. Jiya aka kai masa tasa sabuwar sitikar har gida, tunda sunansa na cikin 'yan ƙungiya. Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya ce ya gode.