Ranar Da Ƙwallona Ta Nufi Arewa

Direbobin Damagaram ne suka kawo mana wasan ƙwallon ƙarfe tashar Maigatari. Akan ajiye ɗan ƙodago a ƙasa, kowa ya jefa, wanda tasa ta fi kusa da shi ya ci. Na daɗe ina kallo kafin Alhaji Bako, shugaban 'yan wasan garinmu, ya ce zai gwada ni ranar kasuwa. In na yi abin kirki, gurbi nawa ne.

Ni ba mai gaggawa ba ne. Kullum da safe, kafin in wuce ajin yaƙi da jahilci, sai in tsuguna a filin in murza ƙasar da yatsa. Na rubuta a littafina: rairayi ne, yana riƙe ƙwallo. Don haka na zaɓi uku masu nauyi da santsi, na ƙi masu zane. Har wani direba na yi wa bayani, ya gyaɗa kai kawai.

Ashe ranar kasuwa, saboda baƙi, share filin ake yi a yayyafa ruwa har ya zama kamar daɓe.

Na jefa da ƙarfin da rairayi ke so. Ta wuce ƙodagon, ta wuce bencin mai shayi, ta bi ƙarƙashin motar shanu ta miƙa arewa. Na tsaya ina son ganin inda za ta gaji.

Alhaji Bako ya ce, "Malam, ka dai yi mata takardar tsallaka iyaka ko?"

Wani tela aka ba gurbin. Har yau direba na sauka zai ce, "Malam, na gan ta a Damagaram, tana gaishe ka."