Rasuwar Burushi Mai Lamba Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da har yanzu fenti bai bar ƙarƙashin farcensu ba, ni Abdussalam Tambaya, mai rubutun alluna a bakin tashar Kura, nake sanar da jama'a rasuwar abokin aikina, burushi mai lamba shida, wanda ya cika ranar Talatar da ta wuce bayan gajeriyar jinya.

Na haɗu da marigayin a Zariya ina ɗalibin zane a jami'a. Mai kantin da na saye shi a wurinsa ya ce gashin raƙumi ne, ko da yake ban taɓa ganin raƙumin ba. Abokan karatuna sun sami ofisoshi masu fanka, mu kuwa muka sami inuwar darbejiya, kuma ban taɓa jin ya yi gunaguni ba.

Mai ladabi ne. Bai taɓa ɗiga a kan aikin mutane ba. Shi ya rubuta sunan kusan kowane mai shayi daga nan zuwa Bunkure, da allon injin casar shinkafa, da gargaɗin hana wanka a kanal ɗin ruwan noman rani, wanda a ƙarƙashinsa ake wankan har yau. Yakan fara harafi siriri, ya cika shi a ciki, ya sake shi da jela kamar wanda ba ya son rabuwa. Maganarsa ba ta wuce biyu ba: shuu a jikin ƙarfen mota, sai ƙwas-ƙwas in na kakkaɓe shi a bakin gwangwani.

Ajali ya zo masa ta hannun masoyi. Aminina Gidaɗo, makiyayi, ya biyo ta rumfata ba na nan, ya tarar da shi a jiƙe cikin kananzir, ya ga ai wannan daidai yake da shafa wa bijiminsa baƙin mai a gyambon tozo, maganin ƙuda. Da yake Gidaɗo mutum ne mai amana, bai dawo da shi da datti ba. Sai da ya dafa shi a tafasasshen ruwa da toka. Gashin ya soma zuba a hanya. Na yi masa ɗauri da zare, na yi masa gam, amma kafin azahar ya zama sanda. An shaida mini bijimin yana samun sauƙi.

Ya rasu ya bar ni, da gwangwanayen fenti, da wani ƙanensa mai lamba biyu wanda ba ya iya komai sai ɗigo. Magaji babu, domin tun da aka tsuke bakin aljihu aka daina shigo da irinsu. Na taka Sabon Gari kaf, abin da aka nuna mini na fentin bango ne.

Ya kuma bar aiki a tsakiya: bayan motar Alhaji Dattijo, wadda za ta ɗauki tumatirin Kadawa zuwa Legas ranar Asabar, rabin sunan Alhaji a rubuce, rabi alli. Tumatir ba ya zaman makoki, Alhaji ma haka. Don haka na je da ƙafata wurin Sada, mai yanka haruffa a kwali ya fesa musu fenti, wanda na shekara da shekaru ina faɗa a bainar jama'a cewa aikinsa ba rubutu ba ne, tambarin buhun taki ne. Ya tarbe ni da fara'ar da ba zan yafe masa ba.

Za a binne marigayin ranar Juma'a da hantsi a gefen kanal, bayan rumfata. Na tambayi liman, ya ce babu salla, ya kuma dube ni na wani lokaci. Ana karɓar gaisuwa a rumfa. Gidaɗo zai iya zuwa, amma ya tsaya nesa da ƙanen.

Ana roƙon masu rakiya su zo da wuri. Sada zai fara fesa motar bayan an sauko daga masallaci, kuma ina so a rufe marigayin kafin nan, kada ya gani.