Kamun Japan

Ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Magarya, farkon mulkin soja, wani Bature abokin aikina ya ba ni aron littafin zane daga Japan. Ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba, amma da na ga samari biyu riƙe da juna, sai na yanke hukunci: dabarun kokawa ne.

Na nufi wurin Ɗan Ladi, ɗan kokawar unguwarmu da zai kara da na garin Dungas. Na tuɓe riga gaban jama'a, ina buɗe shafi ina gwada kamun a jikinsa: hannu a ƙugu, goshi a goshi, ido cikin ido.

Ya ce, "Malam, yaushe ake kayarwa?"

Na ce, "Gaggawar me kake? Yana gaba."

Na buɗe gaba. Sai ga fure, sai ga sumba.

Da na mayar da littafin na ba da labari, Baturen ya yi dariya har da hawaye. Wai 'yan mata ne ke ɗauko jaruman littattafai su zana su suna soyayya, don raha.

Ranar karawa, Ɗan Ladi ya sha kaye. Har yau in na ratsa dandali, makaɗa kan sassauta ganga su ce, "Ga mai kamun Japan, kowa ya kare leɓɓansa."