Walimar Shanu a Hanyar Masanawa

Akwai ranar da mutum yake roƙon Allah Ya mantar da shi ita, amma jama'ar gari su ƙi ba shi haɗin kai. Tawa ranar, ko na so ba zan taɓa mantawa da ita ba, domin har yau in na ratsa kasuwar Gwarzo sai wani ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "Injiniya, an kawo sabon gishiri fa!" Ni kuma in yi yaƙe in ƙara sauri.

Bari in faro muku daga tushe. Na yi karatun kwamfuta a wani birni na ƙasar Turawa, can inda sanyi yake mulki. In lokacinsa ya kama, dusar ƙanƙara takan sauka ta rufe titi, ta binne motoci har rabi, ta toshe ƙofar gida. Kafin mutane su fito aiki, hukumar birnin ta fito da manyan motoci masu faranti a gaba irin na gireda suna ture ta gefe, wata motar tana biye tana watsa gishiri. Lungunan da mota ba ta shiga, da matakalar ofisoshi, da bakin makarantu, su ake bar wa irinmu ɗalibai masu neman na tuwo. A ba ka shebur, a ba ka bokitin gishiri, a ba ka riga mai ƙyalli. Ka kwashe, ka watsa, ka yi gaba. Haka na yi ta yi har na gama karatu, ban taɓa tsayawa na tambayi abin da gishirin yake yi ba. (Yatsu sun ƙage, hanci yana zuba, wa yake ta tambaya?) Abin da idona ya gani kawai na riƙe: wuri yana santsi, a watsa gishiri, santsi ya tafi.

Ban ɓoye wa Baba komai ba. A waya na gaya masa ƙarara cewa shebur nake riƙewa. Amma kafin maganar ta tashi daga kunnensa ta isa ƙofar masallacinmu na Unguwar Tudu, ta koma "yaron nan shi yake gyara wa Turawa hanya." Kafin in dawo gida kuwa, an gama naɗa ni injiniya ba da sanina ba.

Sai ka san Baba za ka gane nauyin abin. Mu asalinmu makiyaya ne. Kakana ne ya zauna ya kama noma, amma alkunya ba ta bar gidan ba. Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba ba ya kiran sunana, ba ya kuma yabona a gaban idona. Ranar da na zo na ɗaya a makaranta na kawo masa labari da gudu, cewa ya yi, "To. An ba tumaki ruwa?" In ma yana alfahari da ni, a bayan idona yake yi, sai dai in tsinta a bakin mutane.

Da damina na dawo, na tarar ana tsakiyar shirin bikin autarmu Zulai, wadda za a kai wani ƙauye a yankin Masanawa ta Kabo. Ranar ɗaurin aure an kwana ana ruwa. Bayan an shafa fatiha ana rabon goro, sai Alhaji Mamuda, baffan ango kuma waliyyinsa, ya matso kusa da Baba.

"Malam, ni hanya ce take damuna," in ji shi. "In an sauka daga kwalta, akwai kwarin nan na bakin burtali. Yau da za mu taho sai da muka fito muka tura mota. Jar laka ce, santsi kamar miyar kuɓewa. Ko a ɗaga kai amarya sai ƙasa ta sha iska?"

Baba ya gyara zama. "Alhaji, yau bayan la'asar amaryarku tana ɗakinta, in Allah Ya yarda. Hanya ba abin damuwa ba ce." Sai ya nuno ni da haɓa, bai ko dube ni ba. "Ga mai aikin nan a zaune. Inda ya fito, ƙanƙara ce take rufe hanya, shi yake buɗe musu. Laka kuma mece ce?"

Duk tabarmar ta juyo kaina. Karo na farko ke nan a rayuwata da na ji Baba ya yabe ni da kunnena, a gaban surukai, a gaban dattawan unguwa. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Mai hankali da sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, laka daban, ƙanƙara daban." Ni kuwa daɗi ya riga ya ɗebe ni. Na gyara hula na ce, "Ƙaramin aiki ne. Gishiri kawai za a nemo."



"Gishiri?" in ji Alhaji Mamuda. "Na miya?"

"Shi fa. Haka ake yi a can."

Ya jinjina kai. "Ikon Allah! Bature dai bai bar komai ba."

Ban tsaya cin shinkafar biki ba. Na ɗauki hayar a-kori-kura, na shiga kasuwa na lodo buhunan gishiri. (Mai shagon ya tambaye ni ko fatu zan adana, na ce masa aikin hanya ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah Ya ba da sa'a.) Muka kama hanyar Kabo, muka sauka daga kwalta, har muka iso kwarin. Gaskiyar Alhaji Mamuda ce: gangare ne, ƙasan duk jar laka tana sheƙi, gero da dawa sun yi kore shar hagu da dama, ga burtali ya ratsa ta tsakiya.

Na tuɓe babbar riga na rataye a reshen marke, na naɗe wando, na ɗauki kwano. In dai watsa gishiri ne, a nan kam ba na jin kunyar kowa. Hannu ya saba, yana tafiya yana dawowa kamar mai yafa iri, ko'ina ya samu daidai. Wata dattijuwa mai tallan nono ta tsaya daga nesa da ƙwaryarta a ka.

"Bawan Allah, lafiya? Ba dai sammu ake wa wani ba?"

"A'a Inna, maganin santsi ne."

"To fa," ta ce, ta kewaye ta cikin gona tana waige.

Da na gama, hanyar ta yi fari fat. Na sa ƙafa in gwada, sai ga ni zaune daɓas a cikin laka. Nan ya kamata jikina ya ba ni. Amma na tashi na karkaɗe, na ce wa direba ai ko a can sai ya ɗan jima yake kamawa. Na ɗauki waya na kira Gwaggo Dije, ƙanwar Baba, wadda ita ce jagorar kai amarya, na ce, "Gwaggo, ku taho, hanya ta gyaru."

Abin da ban sa a lissafi ba, ni jikan makiyaya, shi ne bayan la'asar shanu suke dawowa daga kiwo, kuma ta burtali suke bi.

Wata farar saniya ce ta fara isowa. Ta tsaya, ta sunkuya, ta shinshina, ta lasa. Ta ɗaga kai ta yi wani kuka mai tsawo, wanda ko ban iya yaren shanu ba na san gayyata ce. Kafin in ce kwabo garken duka ya gangaro. Wani garken ya biyo baya, tumaki suna kutsawa ta ƙarƙashin ciki. (Allah Ya taimake ni awaki a ɗaure suke da damina.) Makiyaya suka yi ta kora da sanda, suka yi kira, suka yi fito, ko gezau. Hanya ta cika maƙil, ba ka ganin komai sai ƙaho da tozo, ba ka jin komai sai ƙarar harsuna a kan laka.

A daidai nan motocin amarya suka iso suna hon, 'yan mata suna waƙa. Waƙar ta mutu a baki. Daga can tsallaken kuma ga Alhaji Mamuda da mazan ƙauyensu, sun fito musamman su ga yadda Turawa suke gyaran hanya. Gabas kuma hadari ya fara haɗowa.

Gwaggo Dije ta zuro kai ta tagar mota. "Kai! Wannan ce hanyar da ta gyaru? Kasuwar kara ka kawo mu ko gidan miji?"

Wani dattijon makiyayi ya jingina da sandarsa yana haki. "Wai wane ne ya zuba wa dabbobi gishiri a kan hanya? Yau ko wuta za a kunna ba za su ɗaga ba sai sun suɗe shi tas."

Ba sai an nuna ba. Ga ni tsaye da kwano a hannu, fari har gwiwar hannu, bayan wandona jawur. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, amma ita ma shanu sun tare ta.

Sai na ji ƙarar babur a bayana. Uban amarya ba ya bin 'yan kai amarya, kowa ya san wannan. Amma Baba ya kasa zama. Ya sa maƙwabcinmu ya goyo shi, wai zai tsaya daga nesa ya ga aikin yaron nan.

Alhaji Mamuda ya hango shi, ya ɗaga murya ta saman bayan shanu: "Malam! Aikin Turawan ke nan?"

Dariya ta fara tashi daga tsallaken, ta ratso har cikin motoci. Ni a lokacin na daina jin tawa kunyar. Baba nake kallo, mutumin da bai taɓa cika baki ba sai yau, kuma a kaina ya cika shi. Ji na yi kamar in yi kuka.

Ya sauko daga babur a hankali. Ya tattare rigarsa, ya taka har bakin lakar, ya daɗe yana duban shanun. Ya ɗora hannu a tozon wani bijimi yana shafawa. Sannan ya ɗago.

"Alhaji, ni na sa shi," ya ce. "Da nonon waɗannan aka raini iyayenmu. Na ga bai kamata in aurar da autata mutane su ci su sha, su kuma a bar su haka ba. Baƙina ne. A yi musu haƙuri su gama."

Babu wanda bai san abin da aka faɗa da safe a kan tabarma ba. Alhaji Mamuda yana wurin, da kunnensa ya ji. Ya dubi Baba, ya dube ni. Can ya cire dariyar daga fuskarsa ya ce, "Allah Ya karɓa, Malam. Wannan sadaka ce mai kyau."

Dattijon makiyayin nan ya ɗaga hannu sama. "To Allah Ya ba amarya zaman lafiya. Allah Ya ba ta zuri'a mai albarka, ta cika gida kamar yadda garken nan ya cika hanya."

Kwarin duka ya ɗauki "Amin!" Har Gwaggo Dije ta rangaɗa guɗa.

Da shanun suka gama suka watse, sun tattake wurin ya fi dā lalacewa, ko tarakta ba za ta wuce ba. Daga ƙauyen aka kawo amalanken shanu, aka shimfiɗa darduma, aka ɗora Zulai da Gwaggo da ƙawaye. Kafaɗun amarya sai rawa suke a cikin lulluɓi, Gwaggo tana bubbuga bayanta tana cewa, "Yi haƙuri 'yar nan, kowace mace da haka ta bar gida." Ni da na goyi Zulai na san wannan ba kuka ba ne. Da amalanken ya zo daidai inda nake, ta ɗan ɗaga mayafi ta ce a hankali, "Yaya, Allah Ya saka da alheri. Tun safe nake neman hawaye sun ƙi zuwa, ga su nan ka samo mini." Suka haye lafiya, ruwa bai sauko ba sai da ta shiga ɗakinta.

Baba ya sallami mai babur, ya ce zai taka zuwa bakin kwalta. Na bi shi a baya, ana yayyafi, ina ta juya yadda zan fara ba shi haƙuri. Muka yi nisa. Sai ya tsaya, bai juyo ba.

"Can garin naku, ba su da shanu ne?"

"Babu, Baba."

"Ko ɗaya?"

"A cikin birni dai ban taɓa gani ba."

Ya gyaɗa kai. "Shi ya sa. To ina za su sani?"

Ya ci gaba da tafiya. Can ya sake tsayawa, ya dubi hannuwana da gishiri ya ci suka yi ja, duk sun tsattsage.

"A can ma haka yake cin hannun?"

"Akwai safar hannu, Baba."

"To, alhamdu lillahi," ya ce. Ya zaro hankicinsa daga aljihu ya miƙo mini ta gefe, idonsa yana kan gonar mutane kamar dawar ce ta dame shi. Na karɓa na naɗe hannuna, na ƙi yarda ya ga fuskata.

Darasin da na samu guda biyu ne. Kafin ka kwaso dabarar wani gari ka kawo naku, fara tambaya ko suna da shanu. Sannan in ka tafka abin kunya a bainar jama'a ka ga ka haye da sauran mutuncinka, waiga da kyau: wani ne ya shimfiɗa nasa a kan lakar ka taka.