Kaset ɗin da Na Tace da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da wata hantsi a Gwandu ba, ko da za a wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulun salo. Ranar na tsaya gaban dattawa uku ina zufa, har ta tafin ƙafa.

Lokacin ana ƙarshen mulkin soja, fina-finan Hausa sun fara zuwa mana daga Kano a kaset. Ina da shago a Kalgo (kada ka hango wani abu babba: in ni da tebur muka shiga, mai saye sai dai ya tsaya waje ya miƙo hannu). Amma ba Kalgo ke ciyar da ni ba. Ranar kasuwar Gwandu nake ɗaure kwali biyu a bayan babur, in je in baza kaset, mutanen gari da na Masama da na Kambaza su saya, wasu su yi haya. Teburin nan na Gwandu shi ne tuwona, shi ne tuwon Innata.

Sai aka fara maganar tace fina-finai. Aka ce duk kaset ɗin da ba ya ɗauke da sitikar masu tacewa, kwashewa za a yi. Manyan dillalan birni ko a jikinsu. Mu ƙanana ne muka sha. Wani abokina buhu guda aka kwashe masa, ya koma sayar da rake, har yau in ya ga kaset sai ya kau da kai. Ni dai na ware marasa sitika na tura ƙarƙashin gado, na ce shi ke nan na tsira.

Ashe da saura. Dattawan unguwar kasuwa a Gwandu suka ce sitika ta mutanen birni ce. Su dai sun ji ana nuna saurayi da budurwa suna rawa suna kewaya itace, kuma matan aure na kallo a cikin gida. Suka ware mutum uku. Akwai Baba Liman, aminin marigayi babana. Akwai Malam Sanda, wanda tun da nake ban taɓa ganin haƙoransa ba, har na ɗauka babu. Sai Arɗo, wani dattijon Bafulatani mai son raha, da aka sa don a cika uku. Suka aiko mini: in kawo fim ɗaya su kalla da idonsu. In ya yi, in ci gaba da kasuwa. In bai yi ba, in naɗe teburina kada a sake ganina.

Ni kuwa da bakin nan nawa, a tsakiyar kasuwa na ce, "Ku gaya musu ni na riga gwamnati fara tacewa! Fim ɗin da ya bi ta hannuna ko a makarantar allo aka nuna shi ba laifi."

Kuma ba ƙarya zalla ba ce, ina da dabara. Bidiyo biyu gare ni, ɗaya kan ɗaya. Sai in liƙa salatef a ramin nan na bayan kaset ɗin fim don ya karɓi ɗauka, in sa shi a na ƙasa, in kai shi daidai inda waƙa za ta fara. A na sama in sa kaset ɗin wa'azi. In danna jan maɓalli, wa'azi ya hau kan rawa ya shafe ta. Mai kallo yana cikin soyayya sai ya ji ana tuna masa kabari, an gama kuma a koma soyayya. Matsalar ɗaya ce: janaretona ƙarami ne, tari yake kamar tsohuwar akuya. In na kunna bidiyo biyu da talabijin tare, sai ya mutu. Don haka talabijin a kashe nake aikin, lambobin da ke gudu a goshin bidiyo kawai nake bi. Na haddace inda kowace waƙa take fiye da yadda na haddace karatun da aka yi ta dukana a kansa.

Na zaɓi fim mafi sanyi, mai waƙa ɗaya tak. Na miƙa hannu cikin kwali na zaro kaset da aka rubuta WA'AZI a jikinsa da rubutuna, na ɗora. Ban ko duba ba. Gwani ai ba ya duba aikinsa.

Ranar kallon na sa farar riga, na kafa hula, na riƙe carbi mai tsawon igiyar guga. Aka kai talabijin zauren Baba Liman, aka ja waya daga janareton maƙwabci. Almajiran ilimi da 'yan gulma suka cika ƙofa.

"Kai na mai tacewa?" in ji Malam Sanda.

"Ni na, Allah shi gafarta Malam."

"To ka ji sharaɗi. In an kunna, ba a kashewa sai ya ƙare. Ba mu son a ɓoye muna komi."

"Malam, ko sau biyu kuka so."

Fim ya fara lafiya lau. Yaro ya gaida iyayensa, Baba Liman ya gyaɗa kai. Yarinya ta durƙusa ta ba uwarta ruwa, Arɗo ya ce, "Ɗiyar kirki." Can sai ga su sun shiga lambu, ta ɗaga gyale, kiɗa ya fara tsiyaya. Malam Sanda ya miƙe zaune kamar kyanwa ta ji motsi. Hoto ya yi rawa, ya yi layi-layi. Na tura ƙirji gaba na ce, "Dattawa, nan aikina yake. A gyara zama a sha wa'azi."

Sai kalangu ya fashe.

Ga fili, ga jama'a, ga wani ƙato a tsakiya ya ɗaure babbar riga a ƙugu, ya yafa gyalen wata a ka, ya juya wa mai ɗauka baya yana karkaɗa abin da Allah ya ba shi. Kan ka ce me, ya waiwayo.

Jama'a, ni ne.

Bikin wani abokina ne a Kalgo, bara waccan. Da mai bidiyo ya ba ni kaset ɗin, na rasa inda zan ɓoye shi don kada Inna ta gani, sai na rubuta WA'AZI a jiki na jefa cikin kwali, na manta. Wato na kafa tarko na shekara biyu, na dawo na taka da ƙafata.

Na yi tsalle zan kashe, Malam Sanda ya tare ni da sanda. "Sharaɗi, yaro. Zamna."

Kun san waƙar fim ɗin Kano ba ta da ranar ƙarewa. Duk tsawonta haka na cike da kaina. Na yi juyi, na yi tsugune, na yi wata irin tafiyar agwagwa da ban san na iya ba.

Baba Liman ya gyara tabarau. "Wane na wanga?"

"Baba, kama ce. Mutanen Kano akwai kama da mutane."

Ban rufe baki ba makaɗin ya ɗaga murya ya kira sunana, ya haɗa da na babana, ya ƙara da "mai kaset na Kalgo." Ni kuma na cikin talabijin na matso har hancina ya cika allon, na ce, "Ɗauko ni da kyau, duniya ta gani!"

Arɗo ya faɗi gefe yana riƙe ciki. "Aradu ya hi 'yan Kanon iyawa! A maido baya!" Na ƙofa kuwa har wani ya faɗo cikin zaure. Ni carbi kawai nake ja, ban san me nake karantawa ba.

Da fim ya ƙare, Malam Sanda ya ce magana ta ƙare, in naɗe tebur. Na hango kaina kusa da abokina muna feraye rake.

Na yi maza na bayyana musu yadda rubutun WA'AZI da na yi a jikin kaset ɗin bikin ya yaudare ni. Baba Liman ya ce, "Mi ya sa ka rubuta mai wa'azi?"

Na sunkuyar da kai. "Don kada Inna ta gani, Baba."

"To kun ji. Ya so shi ruhe rawar wasu, kuma shina jin kunyar uwatai. Wauta gare shi, ba iskanci ba. Ba mu kashe tuwon tsohuwa don ɗanta wawa na." Ya juyo gare ni. "Teburinka shina nan. Amma duk abin da ka tace, ka kalla da idonka kahin ka kawo. Wanga kaset kuwa mun hana shi, nan za shi kwana."

Malam Sanda ya yi gyaran murya, amma wallahi na ga gefen haƙori ɗaya.

Ina naɗe waya, kowa ya watse, Baba Liman ya matso ya rage murya. "Juyin nan na hagu ba ka iya shi ba. Ubanka ya hi ka." Ya shige gida ya bar ni da baki buɗe.

Kasuwar da ta biyo baya ban taɓa ganin jama'a a teburina kamar ranar ba. Kowa ya zo sai ya leƙa hagu da dama, ya raɗa mini, "Akwai wanda anka hana?" In ce babu, ya ce to ba ni wani, amma ka ɗan taka mu gani. Har wata tsohuwa daga Kambaza ta aiko a tambaya ko ina zuwa biki.

Ribar ranar kaf na haɗa na sayi janareton da zai iya ɗaukar talabijin. Tun daga lokacin, duk sanda na tashi gyara tarbiyyar jama'a, sai na fara kunna allo na tabbata ba ni ne a ciki ba.