Yadda Ake Barin Gardi Ya Ci Karta

Matso nan, ɗan nan. Matakai biyar ne kacal. In ka bi su, na yi maka alkawari gardin bariki, dogarin Nasara, ba zai ɗora maka kayan aikin tilas ba. Ila na Ollelewa ya bi su sak.

1. San wasan

Wata shekara Gardi Umaru ya zo ɗibar mutum goma masu dako zuwa Agadas, ga geron Ila ya isa yanka. Gardi ya sauka gindin aduwa, ya zaro kartar da ya koyo wajen soja. A baje huɗu a tabarma, a ba kowa uku. Bakwai ta ci bakwai, sarki ya ci sarki, wanda tulinsa ya fi shi ne gwani. Ilimin ke nan kaf.

2. San wanda zai ci

Gardi ne. Musa maƙeri ya manta, ya cinye shi sau biyu, har da tafi. Sunansa aka fara kira cikin masu dako.

3. Makance

Ga bakwai a tabarma, ga bakwai a hannunka. Ba ka gan ta ba. Ila sai ya sosa ƙeya, ya yar da biyu, yatsunsa na ƙaiƙayi. Haƙuri, ɗan nan, ƙaiƙayi bai taɓa kai kowa Agadas ba.

4. Yaba

Gardi ya share tabarma, kai kuma riƙe baki.

"Ranka ya daɗe, wannan hannu ko a Damagaram!"

"Kai ma kana ƙoƙari, baƙauye. Sake rabawa."

Kwana uku Ila na shan kaye, yana godiya.

5. Karɓi ladanka

Ranar tafiya aka jera mutum goma, babu Ila. Matarsa Raishatu har ta fara guɗa, sai Gardi ya waiwayo daga bisa doki.

"Ila, irinka ba na dako ba ne. Ban taɓa samun abokin wasa kamarka ba. Naɗe tabarmarka mu tafi."

"Ranka ya daɗe, gerona fa?"

"Gero ina za shi?"

Raishatu ta ce, "Maigida, sannu da dabara. Sau ɗaya ma ka kasa ci?"

Masu dako sun komo bayan kwana arba'in. Ila sai da ya yi wata bakwai, tsuntsayen gonarsa kuwa sun sa masa albarka.

Ni dai cewa na yi ba za ka ɗauki kaya ba, kuma Ila ko tsinke bai ɗauka ba. In aka wuce da kai, kada matarka ta tako ƙofata. Ni tsohuwa ce, ban ma taɓa riƙe karta ba.